Akwatin Baba Majigi na Bakwai

Maganar da ta bazu a unguwa ita ce wai Baba Majigi bai gama tafiya ba. An binne shi kam, kowa ya ga wannan, an yi zaman ta'aziyya an watse. Amma wai har yanzu yana zagaya akwatunansa yana zuba musu fim. Matar mai shagon bakin layi ta rantse ɗan ƙanwarta ya ji ƙarar majigi a tsohuwar silima da rana tsaka, alhali injin ya yi shekara da shekaru a kwance. Ba wanda ya tambaye ta ina ɗan ƙanwar yake, balle a ji daga bakinsa.

Akwatunan kuwa na wasa ne. Da aka rufe silimar da ya yi wa aiki tun yana saurayi, Baba ya rasa abin yi, sai ya faɗa wani wasa da ake yi da waya. Mutum ya ɓoye ɗan akwati a wani lungu na gari, ya sa lambobin wurin a manhaja, masu wasa su bi lambobin su nemo. Dokar wasan ba ta da yawa: in ka ɗauki abu a ciki sai ka ajiye wani, ka kuma mayar da akwatin daidai yadda ka same shi.

Baba ya yi nasa irin na masu majigi. Ya ɓoye akwati shida, kowanne da jigonsa, wannan na fim ɗin yaƙi, wancan na 'yan sanda, wani na ban dariya, wani na soyayya. A cikin kowanne akwai ɗan yankin fim da ba a ɗauka, kallonsa kawai ake yi. In ka ɗaga shi a haske za ka ga lamba guda da ya karce da allura a kusurwa. Ka haɗa lambobin shida, su kai ka akwati na bakwai.

Akwati huɗu ya sa wa fim kafin ya rasu. Na biyar da na shida ya ajiye su babu fim, na bakwai kuwa ko ajiye shi bai yi ba. Sai ga shi da damina ta kankama, fim ya bayyana a na biyar. Ba a jima ba, na shida ma.

'Yarsa, wadda ya laƙaba wa Tauraruwa tun tana goye har sunan ya bi ta, ba ta yarda da fatalwa ba. Aikinta ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, kullum tana ganin abin da ke cikin mutum, ba ta taɓa cin karo da abin da zai iya tashi daga kabari ya riƙe almakashi ba. Shi ya sa da ta fito daga aiki ta tarar da Mai Awo jingine da motarsa a bakin ƙofa, ko gaisuwa ba ta bari ya gama ba.

"Kai ne?"

"Ni ne me?"

"Kada ka raina min hankali. Kai kake zuba fim a akwatunan Baba?"

Mai Awo, wato saurayin da ke aikin awon filaye, shi ne abokin wasan Baba. Shi yake auna masa lambobin wuri, ta nan kuma ya fara zuwa gidan, har ya zama in ya zo ba Baba yake nema ba. Ya cire tabarau ya dube ta.

"Tauraruwa... ke ma?"

"Wa ya san lambobin da ke kan fim ɗin ban da kai da shi?"

"Na san inda na bakwai zai zauna, ni na auna. Amma ban taɓa riƙe fim ɗin ba. Ban san ma inda faifan fim ɗin yake ba."

"To wa ke yi? Shi?"

Ya mayar da tabarau fuskarsa.

"Wallahi wani lokaci in na kwanta sai in ji kamar gara a ce shi ne," ya ce a hankali. "Da na je na ba shi haƙuri."

Ta kau da kai. Ta san abin da yake nufi. A hannunsa Baba ya cika. Saboda akwati na bakwai sun je auna ɗakin majigi na tsohuwar silima, wanda ake hawa ta wani dogon bene na ƙarfe a bayan ginin. Likita ya hana Baba hawan bene, Umma ta faɗa wa Mai Awo wannan da bakinta, a bakin ƙofa, suna shirin fita. Baba ya hau. Zuciyarsa ta tsaya a saman. Tun ranar Umma ba ta sake amsa gaisuwar Mai Awo ba, maganar aurensu da aka fara ta tsaya cak inda take.

"Masoyiyata, ki dube ni mana."

"Ba yanzu ba," ta ce, ta tari mai keke ta hau.

A gida ta tarar da Baffa, yayan Baba, zaune a kujerar da Baba ke zama, yana karkaɗa ƙafa. Umma na kan keken ɗinkinta a kusurwa, ta ba su baya. Taka-taka-taka... Baba ya kan ce kekenta da injinsa yare ɗaya suke ji.

"Zauna," in ji Baffa. "Kin ji abin da ake faɗa a kan ubanki?"

"Na ji, Baffa."

"Jiya a wajen ɗaurin aure wani ya tambaye ni, wai da gaske ƙanina yana fitowa? Ni da furfurata. Mamaci ba ya yawo, wannan kowa ya sani. To tunda ba shi ba ne, yaron nan ne. Ya kai shi bene ya mutu bai ishe shi ba, sai ya mayar da shi abin tsoratar da yara don wasansa ya yi kasuwa."

"Ya ce ba shi ba ne."

"Da kin zaci zai ce shi ne? Ƙarshen watan nan zan aika wa iyayensa, maganar nan ta mutu. Uwarki ma ba ta so. Ko ba haka ba?"

Keken ya tsaya. Umma ba ta juyo ba. Ta gyara bakin yadin a ƙarƙashin allura, ta daɗe tana gyarawa.

"Yadda ka gani, Yaya," ta ce.

Taka-taka-taka.

Tauraruwa ta dubi bayan uwarta, kafaɗun da suka rame tun rasuwar. Ta tuna ranar ta'aziyya, Umma a gaban matan da suka cika ɗaki tana cewa Allah ya isa tsakaninta da wannan wasa da duk wanda ya ƙirƙiro shi. In Umma ta ce a'a, ita ba za ta tsallake ba, ta san kanta. Za ta yi ta kuka a banɗakin asibiti, amma ba za ta bar matar nan ita kaɗai da baƙin ciki biyu ba.

Abu guda ya rage mata. Ta ga akwatunan da idonta.

Ba ta taɓa yin wasan ba. Baba yana raye ya sha roƙonta, ta ce ita ta girma da laluben bayan bango. Ranar hutunta ta sauke manhajar, sai ga sunansa a jiki, Majigi, da ɗan hotonsa yana dariya, kamar yanzu zai yi magana. Sai da ta kifa wayar a cinya na ɗan lokaci.

Na farko yana ƙarƙashin bencin wata tashar bas da bas ya daina tsayawa. Ta durƙusa tana lalube, wata tsohuwa mai jiran abin hawa ta leƙo.

"'Yata, ɗan kunne ya faɗi?"

"Eh, Inna."

"Allah ya sa ba na zinari ba ne."

Gwangwanin alewa ne da maganaɗisu a bayansa. Ciki akwai ɗan sojan roba, maɓalli, wani makulli mara amfani, sai yankin fim a leda. Ta ɗaga shi sama. Wani soja ne a guje cikin hayaƙi, a kusurwa ga lambar Baba. Ta karya doka, ta sa ledar a jaka, ta ce a ranta gobe za ta mayar.

Haka ta yini. Duk akwatin da ta samu sai ta ɗauke fim ɗinsa. Na biyu a ramin ƙarfen gada. Na uku a bayan famfon wata makarantar koyon ɗinki da ta koma wurin ajiye siminti. Na huɗu a kogon bishiya, gaban shagon wani mai ɗaukar hoto. Ta rasa dalilin da ya sa Baba ya zaɓi waɗannan wurare, babu mai kyau a cikinsu, babu wanda ya shafi fim.

Na biyar yana bayan allon wani tsohon shagon shayi. Da ta buɗe shi, ƙamshi ya doki hancinta, sai da ta dafa bango. Turaren Baba ne, wanda yake shafawa a wuyan riga. An shimfiɗa ɗan ƙyalle a ƙasan gwangwanin don kada laima ta shiga. Ta waiga hagu da dama. Layin babu kowa, sai wata akuya da ke kallonta. Tsigar jikinta ta tashi, ta ji haushin kanta, amma haushin bai kwantar da tsigar ba.

Na shida, a katangar bayan silimar, shi ma haka, turare da ƙyalle. Tana tsugune tana mayar da murfi ta ji wani sauti daga sama, taka-taka-taka, a hankali, ya tsaya, ya sake. Ba ta ɗaga kai ba. Ta miƙe ta yi tafiyar da ba gudu ba ce, amma ba ta da nisa da gudu.

Washegari lokacin hutun rana, ta kira Mai Awo ya same ta a ɗakin hoton ƙashi. Ta kunna allon hasken da suke duba hotuna a kai, ta jera yankunan fim ɗin shida a jiki.

"Kin kwaso su?" ya ce. "Baba zai ci ki tara."

"Ya zo ya ci. Duba lambobin."

Ya sunkuya. Ya daɗe a kan na biyar da na shida.

"Hannunsa ne," ya ce. "Dubi yadda yake lanƙwasa wutsiyar tara. Ba wanda zai iya kwaikwayon wannan da allura."

Ta riga ta gani. Abin da ya hana ta barci ke nan. Ta tsaya kusa da shi, kafaɗarta na gogar tasa, ba ta matsa ba. A na shida wata mace ce tsaye a bakin taga tana jiran wani, hoton ya maimaitu sau uku, fuskar ba ta canza ba.

"Ina jin tsoro," ta ce. "Ni da nake yi wa mutane dariya."

"Ina nan, hasken idona."

Sai idonta ya sauka daga lambar zuwa bakin fim ɗin, inda almakashi ya bi. Irin kallon da aiki ya koya mata ne, in an ce ka duba hannu, ka duba har gefen hoton.

Huɗun farko an yanka su daidai kan siririn baƙin layin da ke raba hoto da hoto, kamar da reza. Ta tuna tana ƙarama a ɗakin majigi, ƙafafunta ba sa kai ƙasa, Baba yana haɗa fim da ya tsinke. "A kan layi ake yanka, Tauraruwa. In ka kauce ko kaɗan, sai a ga kan jarumi a ƙasan allo ƙafarsa a sama, 'yan kallo su yi ta zagin uwar mai majigi."

Na biyar da na shida ba a kan layi aka yanka su ba. Sama da ƙasa an bar rara, faɗin ɗan yatsa, ana ganin guntun hoton da ke maƙwabtaka. Ba kuskuren hannu ba ne, don rarar daidai take a duka ɓangarorin, kamar an auna.

"Kai," ta ce, "in an ba ka abu mai layi a jiki aka ce ka yanka, ina za ka yanka?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ni da nake cin abinci da layi? In na kauce wa layi da faɗin yatsa ai sai kotu."

Ta kashe allon.

"Me kika gani?"

"Ka ba ni kwana biyu. Ka mayar min da waɗannan inda suke, kowanne a gidansa."

Da yamma ta zauna a tabarma kusa da teburin Umma, wai tana tsince mata zare. Umma ta shimfiɗa yadi, ta zana hannun riga da alli, ta ɗauki babban almakashi. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Bakin almakashin bai taɓa allin ba, yana tafiya a gefensa, faɗin ɗan yatsa, tun daga farko har ƙarshe. Ita ma an koya mata wannan, da dungure a ka: "Kada ki taɓa yanka a kan alli. Ki bar wa ɗinki rara."

"Me kike kallo haka?"

"Ba komai, Umma."

"Gobe da safe zan fita sayen zare."

Tauraruwa ta dubi aljihun tebur da ke buɗe. Zare ne cike, kala-kala, wasu ko ledarsu ba a cire ba.

"To, Umma. Allah ya kai mu."

Da safe Umma ta fita da jakar hannunta da wata leda mai nauyi. Tauraruwa ta ba ta rata, ta kira Mai Awo. Ya ajiye motarsa nesa da silimar, suka ƙarasa da ƙafa. Zauren kallon yanzu ya koma wurin ajiye katifu, amma benen ƙarfen yana nan a baya, duk tsatsa. Mai Awo ya tsaya a gindinsa.

"Ban sake zuwa nan ba tun ranar."

"Na sani. Riƙe hannuna."

Suna tsakiyar hawa ƙarar ta fara, taka-taka-taka. Ya damƙe yatsunta. Ta ɗaga kai wannan karon. Tsohuwar fankar fitar da zafi ce a jikin bango, iska na juya ta, fiffikenta guda ya lanƙwashe yana dukan ƙarfe.

Ƙofar a buɗe take. Ɗakin ƙarami ne fiye da yadda ta tuna. Injin yana tsaye an lulluɓe shi da buhu, haske na shigowa ta 'yar tagar da fim ke fita. A kan kujerar Baba mai dogayen ƙafafu Umma ce zaune, tana haki, gwangwanin faifan fim a cinyarta, almakashi a hannu.

Ba ta firgita ba. Ta dube su, ta dubi hannuwansu da ke riƙe da juna, har suka saki.

"Wa ya faɗa miki?"

"Almakashinki, Umma. Kin bar wa fim rarar ɗinki."

Umma ta dubi yankin da ta gama yankewa yanzu. Ta juya shi. Wani abu mai kama da dariya ya taso mata, ya maƙale a hanya.

"Da yana nan da ya yi min tsiya har shekara."

Tauraruwa ta durƙusa a gabanta, a kan ƙura.

"Ta yaya kika san wuraren? Ko manhajar ba ki da ita."

"Manhajar me? A tashar nan ya fara ganina. A gadar nan ya biyo ni na ce masa ya ji da kansa. Makarantar ɗinki, nan yake jirana a bakin famfo yana ƙaryar ƙishirwa. Mai hoto, mai shayi... Ni zan nemi waya ta nuna min?" Ta shafa murfin gwangwanin. "Ya gama karce lambobinsa tun kafin ranar, ya sa faifan a ƙarƙashin teburina, wai nan ne ba mai taɓawa. Ina shara na gan shi. Na ce bari in zubar. Sai na ga kamar na tura ubanki waje da riga rabin ɗinki."

"Umma... kina ji Baffa yana ɗora wa bawan Allah nan, kika yi shiru."

Umma ta runtse ido. Hawaye ya biyo ta gefen hanci.

"Na ji. Ni da na tsine wa wasan a gaban mutane, in fito in ce ni ce? Wannan ma da sauƙi." Ta ja numfashi. "Ranar da matar mai shago ta ce min wai ana ganin alamarsa, kin san me na ji? Daɗi na ji. Na san ƙarya ce, ni na zuba turaren da hannuna. Amma ana ambatonsa a layi kamar ya je kasuwa ne zai dawo. In na ce ni ce, shi ke nan, ya sake mutuwa."

Tauraruwa ta kifa kai a gwiwar uwarta. Fankar ta yi ta bugawa a kansu.

Mai Awo yana bakin ƙofa, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya durƙusa a inda yake.

"Umma, ki yafe min. Kin ce kada ya hau. Na ce masa ya zauna a mota in auno in dawo. Na hau ni kaɗai, ina cikin awo sai na ji takunsa a bene. Da na kulle motar... da na sauko na tare shi..."

"Da ka tare shi da ya ture ka," in ji Umma, ba ta dube shi ba. "Ni na zauna da shi, na san kayana. Yau da na tsaya a gindin benen nan gwiwata tana ciwo, na ce ba zan iya ba. Sai ga ni a sama." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Me ya ce? Ban taɓa tambayarka ba."

"Ya zauna a kujerar nan. Ya nuna tagar, ya ce ta nan yake leƙen ki, kina layin baya, ba kya kallon fim, kina gyangyaɗi. Ya yi dariya. Sai ya ce in ba shi ruwa."

"Ƙarya yake, ba gyangyaɗi nake ba. Na san yana leƙe, shi ya sa nake rufe ido."

Ta daɗe tana kallon tagar. Sannan ta buɗe ledar, ta fito da wani gwangwani sabo. Ta shimfiɗa ƙyalle a ciki, ta sa yankin fim ɗin, ta ɗora gilashin idon majigi wanda Baba ya ajiye a gida tun rufe silimar, naɗe a cikin hankicinsa. Ta ɗauko kwalbar turaren, ta dube ta, ta mayar jaka ba ta buɗe ba. Ta miƙe da kyar, ta tura gwangwanin cikin tagar.

"Ya ce gilashin na wanda ya fara samowa ne." Ta juyo ta dubi Mai Awo, karon farko tun rasuwar. "To, ga ka ga akwati. Ko awon naka bai kai nan ba?"

Ya miƙe, ya ɗauko gwangwanin da hannu biyu, ya buɗe, ya ɗauki gilashin.

"Ba haka ake yi ba," in ji Umma. "Ni ma na san doka. Wanda ya ɗauka sai ya ajiye. Ka ɗauki wannan, ga shi kuma kana neman ɗauke min wadda ta rage min a gida. Me za ka ajiye?"

Ya laluba aljihu, biro ne kawai da makullin mota. Tauraruwa ta ga ya daburce, tana kuka dariya na neman kubce mata. Ya sa biron a gwangwani, ya dubi makullin.

"Ƙafafuna, Umma. Ni zan riƙa zagaya akwatunan, in share, in canza ƙyalle. Ba za ki sake wahala ba."

"Wa ya ce maka na gaji? Kai dai ka riƙa zuwa kana kai ni. Kuma ka gyara ƙofar motar nan taka, tun daga ɗaki nake jin kukanta."

"Yau ɗin nan, Umma."

"Riƙe ni mu sauka. Kai ta gaba, in na faɗi in faɗo a kanka."

Daga nan ba gida suka nufa ba. Umma ta ce a kai ta gidan Baffa. Ta shiga da gwangwanin faifan a hammata da almakashi a jaka, ta bar su a mota. Sun daɗe suna jira, Tauraruwa tana juya gilashin majigin a tafin hannu, ta ɗaga shi ta kalli Mai Awo ta ciki, ya fito mata kai a ƙasa.

"Ya kika gan ni?"

"A juye. Amma za a iya haƙuri da kai."

Da Baffa ya rako Umma waje, bai dubi motar ba sai da ya zo dab da ita. Ya yi gyaran murya.

"Ka ce wa mahaifinka ina nan tafe ƙarshen wata," ya ce. "Ba da maganar da na yi niyya ba."

An ɗaura auren bayan damina ta ɗauke. Matar mai shago har yau tana cewa ana jin majigi a tsohuwar silima, wasu masu wasan kuma sun fi son labarin a haka.

Baba Majigi ya rasu, yana kabarinsa. Ƙarar fanka ce. Fim ɗin akwati na biyar da na shida da na bakwai matarsa ce ta yanka, da almakashin ɗinki.